Wai me za mu kira offensive line da Hausa?

Jama'a 'yan kallon ƙwallon Amurka ku matso mu kashe maganar nan. Kwatabak dai, wato jagoran 'yan hari mai jefa ƙwallo, mun bar shi a kwatabak, baki ya riga ya saba, amma offensive line har yau kowa da abin da yake kiransu, wani ya ce 'yan gaba, wani ya ce ƙartin nan na tsakiya, wani kuma sai dai ya nuna talabijin da yatsa ya ce "waɗancan masu tumbin".

Ga wanda bai san wasan ba: mutum biyar ne suke durƙusawa a jere a gaban kwatabak. Na tsakiya shi ne santa, shi ke miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa a fara wasa, sai gad biyu dama da hagu, sai takul biyu a bakin gefe. Lambar rigarsu daga 50 zuwa 79 take, yawancinsu sun kai kilo 140, kuma doka ta hana a jefa musu ƙwallo su cafe. Mutum zai yi shekara goma yana wasa bai ci ko maki ɗaya ba kuma a ce gwani ne. Aikinsu biyu ne kawai, in jifa za a yi su tare kwatabak kar a taɓa shi, in gudu za a yi su ture mutane su buɗa wa mai gudu hanya.

To 'yan gaba kam bai yi ba sam. Duk wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa in ka ce masa ɗan gaba mai zura ƙwallo a raga zai hango, siriri mai gudu, alhali waɗannan ko taɓa ƙwallon ba sa yi in ban da santa. Haka "layin kai hari", fassarar kai tsaye ce kuma ta ɓatar da mutum, don rabin aikin nasu ma ja da baya suke yi suna tarewa.

Da muka fara wannan muhawara wani yayanmu ya kawo katanga, wani kuma ya ce ganuwa. Ni dai na ji daɗin ganuwa gaskiya, su kansu Amurkawan ai sun yi wa na Dallas Cowboys na shekarun 1990 laƙabi da babbar ganuwar Dallas. Matsalar ita ce ganuwa a tsaye take, ba ta tafiya. Ka kalli Philadelphia Eagles a kakar 2024 lokacin da Saquon Barkley ya yi gudun yadi 2,005, sau nawa za ka ga gad ya bar gurbinsa ya zagayo ta gefe a guje, ƙato guda, ya je ya kwashe mai tsaro ya ba Barkley fili, shi kuma ya wuce ko rigarsa ba a taɓa ba sai ya yi nisa. Ganuwa ba ta wannan. Katanga kuma 'yan ƙwallon ƙafa sun riga mu, ita ce wadda ake jerawa in za a buga firikik.

Garkuwa ma an ambata, ma'anar ta yi kusa, amma a zamanin nan in ka rubuta "masu garkuwa" kowa ya san inda hankalin mai karatu zai tafi. A bar ta kawai.

Ni abin da nake gani shi ne SAHUN DOGARAI.

Dogari aikinsa ke nan, ya tsare sarki kuma ya buɗa masa hanya cikin taro, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya ga yadda suke dannawa mutane na darewa. Ga ƙira, ga ƙarfi, kuma ba don su aka zo kallo ba, sai ran da aka samu matsala a fara tambayar ina dogarai suke. Kwatabak shi ne sarkin filin, shi ke ɗaukar albashi mafi tsoka, shi ake ɗauka a hoto.

Amma kalmar da na fi dagewa a kanta ita ce sahu, ba layi ba. Layi ko na gidan mai layi ne, kowa ta kansa yake. Sahu kuwa kafaɗa da kafaɗa ne, a daidaita, kar a bar kafa, kuma kar wani ya riga wani motsi. A wasan nan in mutum ɗaya cikin biyar ɗin ya ɗan zabura kafin santa ya saki ƙwallo, alƙali zai jefa tuta a mayar da duk ƙungiyar baya yadi 5. Kuma in masu tsaro biyu suka yi musayar hanya, na waje ya shigo ciki na ciki ya zagaya waje, dole gad da takul su miƙa wa juna mutum cikin ƙiftawar ido ba tare da magana ba, filin ma ihu ya cika shi ba mai jin wani. Wannan sabo ne, ba ya samuwa a mako biyu. Shi ya sa za ka tara gwanaye biyar daga ƙungiyoyi biyar su zo su yi ta zubar da kwatabak, wasu kuma matsakaita da suka daɗe tare su riƙe shi tsaf.

Ku tuna Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, na Fabrairun 2021. Kansas City Chiefs sun je ba takul ɗinsu duka biyu, Eric Fisher jijiyar dunduniya ta tsinke masa a wasan da ya gabata, Mitchell Schwartz kuma ciwon baya, sai aka yi ta jujjuya mutane ana sa wannan a gurbin wancan. Kwatabak ɗinsu Patrick Mahomes ranar gudun ceton rai kawai ya yi ta yi, Tampa Bay suka ci 31 da 9, Chiefs ko tacidawun ɗaya, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya, ba su samu ba. Bayan nan suka rushe sahun suka sake gini, suka kawo Joe Thuney da Orlando Brown, suka zaɓo Creed Humphrey da Trey Smith a daraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi zagaye-zagaye duk shekara. Shekara biyu bayan haka suka haɗu da Eagles waɗanda suka kayar da kwatabak sau 70 a kakar, amma a wasan ƙarshen ko sau ɗaya ba a kayar da Mahomes ba.

Su Eagles ɗin ma ai a nan sirrinsu yake. Jeff Stoutland ya karɓi horar da sahun a 2013, shekarar da aka ɗauko Lane Johnson, ya tarar da santa Jason Kelce wanda tun 2011 yake nan. Jordan Mailata ɗan Ostireliya ne ɗan wasan rugbi, bai taɓa buga wasan nan ba aka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, aka zauna aka koya masa har ya zama takul na hagu. Abin da ya fi burge ni, tun Kelce bai tafi ba suka ɗauko Cam Jurgens a 2022, ya yi kakar 2023 yana gad a gefen Kelce yana jin yadda yake kiran wasa, da Kelce ya yi ritaya sai kawai ya matsa tsakiya. Kakar farko ba Kelce suka ɗauki kofi, 40 da 22 a kan Chiefs ɗin dai.

Malam da ya ce sahu kalmar masallaci ce kar a kai ta filin wasa, Allah gafarta Malam na fahimce ka, amma ai muna cewa sahun gaba a siyasa, muna cewa ya bi sahu, jaridu kullum suna rubutawa ba wanda ya ɗaga gira. Ƙanena da ya ce sunan ya yi tsawo kuma, ai a baki gajarta shi za a yi: "dogaran Eagles sun yi aiki jiya", "an ji wa dogarin hagu ciwo", "sahun Bengals ya yoye, shi ya sa aka kayar da Joe Burrow sau 51 a 2021". Ka faɗa da ƙarfi ka ji, yana zama a baki.

Santa kuma tun da shi ke duba masu tsaro ya nuna wa kowa wanda zai tare, ni Sarkin Dogarai zan ce masa, sarautar ma dama akwai ta. Inda na maƙale shi ne gad da takul, dogarin ciki da dogarin gefe nake ta juyawa amma na gefen bai gama kwanta min ba, wanda ke da abin da ya fi ya ajiye a ƙasa.