Daga huhu zuwa ƙashin baya

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum, ga ni da kuka,
Tarin Baba mun zaci na fuka,
Wata shida ƙwaya, tari bai sauka,
Kaki da jini, jiki yana ramewa.

Hoton radiyo ya nuna tabo a ƙirji,
Likita ya ce sankara ce, na ji,
Yau baya ke zogi kamar saran maciji,
Daga huhu zuwa can, ina hanyar wucewa?

Ƴar Zango:
Yaya, Allah ya ba Baba lafiya,
Ƙwayoyin halittar huhu a manne suke gaba ɗaya,
Kamar tubalin ganuwa, ɗaya bisa ɗaya,
Kowace ta san lokacin haihuwa da na tsayawa.

Hayaƙin taba ke ɓata rubutun gadon ƙwaya na ciki,
Guba kusan 70 masu sa sankara a jiki,
Sinadari mai gadin ƙwaya, p53, in ya bar aiki,
Ƙwaya mai aibi sai ta ƙi mutuwa.

Ta saki lakar da ta haɗa ta da maƙwabta,
Ta sake siffa, ta koyi rarrafe da kanta,
Ta narke shingen da ke ƙarƙashinta,
Ta faɗa jijiyar jini, sai gangarawa.

Manomin Garin Malam:
Ɗiyata, ki ƙara fahimtar da ni,
Ko'ina a jiki ai akwai jini,
Don me take zaɓen wurin gini,
Ba ko'ina take tsirowa?

Ƴar Zango:
Dattijo, irin da ya faɗa bisa dutse ya bushe,
Mafi yawansu a hanya ake kashe,
Sojojin jiki ba sa barci koyaushe,
Ɗaya cikin dubbai ke kuɓucewa.

Likitan Ingila, Paget, ya kira shi iri da ƙasa, a 1889,
Ƙashi da hanta nan ne gonar da ta tara,
Ƙwaƙwalwa, saman ƙoda, nan take fara,
Ta jawo sabbin jijiyoyi don shayarwa.

(Yaya, wannan ba waƙa ba ne: in ƙafafun Baba suka rasa ƙarfi ko fitsari ya tsaya, ku kai shi likita a daren nan. Ku kuma yi tambaya kan gashin haske, wato ƙona sankara da hasken na'ura, a Yamai, yana rage zogin ƙashi.)

Ɗan Birni:
Na gode ƙanwata, na ji a raina,
Gobe da safe likita zan gana,
Yanzu na juya shi, ya jingina,
Kunu cokali uku ya iya haɗiyewa.