Wa ya taɓa kai tsoho Lambun Getsamani da Lambun Kabari?

Autar Mama: Salama gare ku 'yan'uwa. Sunan mahaifiyata ya fito cikin masu zuwa ziyarar ibada Urushalima, ni zan raka ta. Shekarunta 74, gwiwa ta sa ta gaba, ko sujada ba ta zuwa sai da sanda. Wuri biyu ta ƙwallafa wa rai, Getsamani da lambun nan mai kabari. Waɗanda suka je da tsoho ko mai keken guragu, don Allah ku faɗa mini gaskiyar yadda ƙasar wurin take.

Dattijon Ikilisiya: 'Yata, lambun Getsamani kansa ba zai ba Mama wahala ba. Ƙarami ne, an kewaye itatuwan zaitun da shingen ƙarfe, ana zagayawa a kan daɓe. Wahalar tana hanyar isa wurin. Masu jagora sun fi son su sauke mutane a saman Dutsen Zaitun, a ɗauki hoto, sannan a gangaro da ƙafa. Wannan gangara, ni da nake ganin da sauran ƙarfina, sai da na riƙa dafa bango. Ki gaya wa jagoranku tun da safe cewa Mama za ta zauna a mota a sauke ta ƙasa, bakin Kwarin Kidron. Kada ki ji nauyin faɗa.

Maman Tagwaye: Baba ya faɗi gaskiya. Mu kunya ce ta cuce mu. Surukina yana kan keke, jagoran ya ce ai 'yar tafiya ce. Maza uku suka riƙe keken ta baya kada ya kwace, ni ina gaba ina ta Yesu, Yesu. Muka iso jiƙe da gumi. Amma da ya ga itatuwan nan guda 8, masu kauri kamar kuka, sai ya yi tsit. Wani limamin Faransiskan, ƙungiyar Katolika masu kula da wurin, ya matsar da mutane aka ba shi hanya. Majami'ar da ke gefe, wadda aka gama a 1924, da gangan aka yi ta da duhu don tuna daren addu'ar Almasihu. Ki riƙe hannun Mama har idonta ya saba.

Malamin Tarihi: Ƙarin bayani kaɗan. A 2012 an fitar da sakamakon gwajin uku daga cikin itatuwan, aka samu kututturensu na wajen ƙarni na 12 ne. To amma zaitun yakan sake tsiro daga tsohuwar saiwa, shi ya sa mutane ba su fid da rai cewa jikokin na zamanin Yesu ne ba.

Ɗan Mawaƙa: Ni Lambun Kabari ne ya fi kwanta mini, kuma shi ya fi dacewa da tsoho. Yana kusa da Ƙofar Dimashƙu, wata ƙungiyar Kirista daga Ingila ke riƙe da shi tun 1894, masu zagayawa da baƙi 'yan sa kai ne, ba a biyan kuɗin shiga. Hanyoyin a share suke, ga inuwa, ga benci ko'ina. Kakata takan yi taku ashirin ta zauna, ba wanda ya ce mata tashi. A nan muka ci Jibin Ubangiji, muna waƙa da Hausa, wasu 'yan Koriya a bayan furanni suna tasu. Abin da ban zata ba shi ne tashar mota. Dutsen da ake cewa mai kama da ƙoƙon kai, a ƙarƙashinsa bas-bas ke lodi, ga hon ga hayaƙi, can kuma aka kira salla daga masallacin unguwa. Kakata ta ce, ashe nan ma gari ne kamar namu.

Malamin Tarihi: Dutsen nan Janar Gordon na sojan Birtaniya ne ya yayata shi a 1883 a matsayin inda aka gicciye Yesu, shi ɗin dai da aka kashe a Khartum bayan shekara 2. Masu tonon tarihi da dama na ganin kabarin ya girmi zamanin Yesu da ɗaruruwan shekaru, masu lambun ma ba sa rantsuwa cewa shi ne kabarin Yesu.

Maman Tagwaye: Malam, bar mana tarihi haka, yarinya gwiwa ta tambaya. 'Yar'uwa, keke bai shiga cikin kabarin ba, ƙofar ƙarama ce, sai an ɗaga ƙafa an sunkuya. Surukina daga bakin ƙofa ya leƙa. Mai sanda za ta iya idan mutum ɗaya ya shiga gaba ya miƙo mata hannu. Lokacin da muka je ba sa buɗewa ranar Lahadi, ki duba jadawalinku.

Autar Mama: Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa Mama duka. Ta yarda da zaman mota, amma maganar keke ta ce in bari tukuna. Takalmi mai taushi zan nemo mata ranar kasuwa.