Kek ɗina yana lotsawa, kuma na kasa sauraron Maikel Jakson

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ya saba mana da waƙoƙin Maikel Jakson. Sai ya sa safa yana zamewa da baya a kan siminti, mu muna tafi. Ranar da Maikel ya mutu a 2009, Yaya ko tuwo bai taɓa ba. Tun da na fara koyon kapkek, ƙananan kek ɗin nan da ake gasawa a cikin takarda, wata biyu da suka wuce, waƙoƙin nake kunnawa a kicin, sai in ji kamar Yaya na zaune bakin ƙofa. Makon jiya na kalli Leaving Neverland, fim ɗin 2019 mai awa huɗu, inda wasu maza biyu suka ce ya yi lalata da su suna yara. Tun ranar na kasa kunna komai. Kek ɗin ma tsakiyarsa lotsawa yake, ga odar guda 60 ta suna ranar Asabar. Ya zan yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki rabu da waƙar nan, ki yi wa Yayanki addu'a, ita ce za ta amfane shi. Batun kek kuwa, bekin foda kike cikawa. Ƙwai biyu, sai bota, sukari da fulawa kowanne giram 100, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya. Obin a 180, minti 18 zuwa 20, kada ki buɗe kafin minti 15.

Maman 'Yan Biyu: Ni nawa sai da na ƙara bekin foda ya tashi. Amma ki karɓi kuɗinki tukuna. Wata ta sa na yi mata guda 100, yau wata huɗu tana ce min "gobe".

Mai tambaya: Hajiya, ba ni da obin, tukunya nake sa wa yashi a kan gas. Kuma da wannan awon nake yi tun farko yana kyau. Addu'a kullum ina yi masa.

Hajiya Babba: To leƙawa kike yi. Da kin ɗaga murfi zafi ya fita, tsakiyar da ba ta nuna ba sai ta zauna. Ki bar yashin ya yi zafi sosai kafin ki jera gwangwanayen, kuma kada ki cika takardar, ki bar mata wuri. Shekara ashirin ina wannan sana'a.

'Yar Damagaram: Ki tuna fa kotu a Kalifoniya ta wanke Maikel daga zargin lalata da wani yaro a 2005, kuma ɗaya daga cikin mazan nan biyu ya ba da shaidar kare shi a shari'ar. Fim ɗin gefe ɗaya ya nuna.

Malama: Yaron da aka cuta yakan yi shekaru yana kare wanda ya cuce shi. Na gani a danginmu, kuma har yau ba a yarda da yarinyar ba.

Mai tambaya: Ni ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. Fuskar iyayen yaran ce ta tsaya min a rai. Kuma ba na leƙawa, Hajiya, sai dai sau ɗaya ko biyu. Amma in na daina waƙar, da me zan riƙa tuna Yaya?

Hajiya Babba: Sau ɗayan ma ya isa. Ki gwada guda shida yau da dare, ki turo mana hoto.

Mai tambaya: Gas ɗina ya kusa ƙarewa, sai dai gobe in Allah ya kai mu.