Man dizal ne ke da ƙarfi, ko injinsa?

Alhaji Bala: Assalamu alaikum jama'a. Maganata ɗaya ce, kuma ina kanta: man dizal ya fi fetur ƙarfi, shi ya sa injinsa ya fi ja, ya kuma fi tsimin mai. Ku tsaya a Hawan Kibo ku ƙirga tirelolin da ke hawowa Jos da siminti, ko ɗaya ba za ku ga mai shan fetur ba. In ba ƙarfin man ba ne, to mene ne?

Injiniya Hauwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai gaskiya a maganarka, amma ba ta kai yadda ka ɗauka ba. A megajul, wato ma'aunin kuzari, lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da wajen 36, ta fetur wajen 32, ratar kashi 12 cikin 100 ke nan ko kusa. Wannan ratar ma nauyi ne ya kawo ta: litar dizal tana kai giram 830, ta fetur 740 ko kusa. In kilo da kilo za a auna, kunnen doki suke yi. Sauran bambancin a cikin silinda yake.

Oga Ɗanladi: Injiniya ta faɗi daidai. Duka biyun bugu huɗu suke yi: fistin ya sauka ya shaƙa, ya hau ya matse, wuta ta kama ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kiranshaf ya juya sau biyu, wuta sau ɗaya. Inda suka rabu shi ne abin da ake matsewa. Na fetur, wanda Nikolaus Otto ya fitar a 1876, iska da mai yake matsewa a haɗe, sannan fulogi ya ba da tartsatsi. Na Rudolf Diesel, da ya yi aiki sosai a 1897, iska zalla yake matsewa har zafinta ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Ku sa gejin kompireshan, wato abin auna matsin silinda, ku gani: lafiyayyen injin fetur bar 10 zuwa 14, na dizal 25 zuwa 35.

Alhaji Bala: To ai ka taimake ni, Ɗanladi. Man da ke jure wannan matsin, ba shi ne mai ƙarfi ba?

Oga Ɗanladi: A'a Alhaji, dizal ba ya jure komai, don ba ya cikin silinda lokacin da ake matsin. Sai fistin ya kusa ƙurewa sama yake shigowa. Fetur ne ke zaune a ciki tun farko, shi ya sa ba a iya matse shi fiye da ninki 9 zuwa 11 a yawancin motocinmu. In an wuce haka, ragowar man da ke gefen silinda sai ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Ita ce ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan mota na hawa tudu a babbar giya. Kada a haɗa ta da abin da muke cewa inji ya yi nokin. Wancan metal ne, wato ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, ya ci saboda rashin baƙin mai. Wannan kuwa in ya daɗe, kan fistin yake ci, ya karya gadar ringi.

Malam Sabo: Ni kam ban ma yarda injin dizal ya fi ja ba, in za a yi adalci. Ga Hiace nan cike da tashar Filato. Mai injin 5L na dizal, girmansa lita 3 ne, matsi ninki 22, amma ƙarfinsa na doki 95 ne ko kusa, ƙarfin murɗawarsa bai kai 200 ba a ma'aunin Nm. Mai 2TR na fetur lita 2.7 ne kawai, doki wajen 160, murɗawa sama da 240. Ƙaramin ya fi babban ta kowane gefe. Abin da kake gani a Hawan Kibo, Alhaji, inji ne mai lita 12 ko 13, da turbo, da giya 12 ko 16.

Alhaji Bala: Malam Sabo, ka loda wa motocin nan biyu mutum 14 da buhunan dankali daga Bokkos, ka ga wacce za ta fara neman gidan mai.

Malam Sabo: Ta fetur mana, wannan ban musa ba. Amma tsimin mai daban, ja daban. 5L yana ba da iyakar murɗawarsa tun a wajen juyi 2,200 a minti, shi ya sa direba ke jin kamar ya fi ƙarfi daga tashi. 2TR sai ya kai wajen 3,800. Amma da dizal ya wuce juyi 4,000 ya gama, don man yana buƙatar lokaci ya gauraya da iska kafin ya ƙone.

Injiniya Hauwa: Ga abin da zai ba Alhaji mamaki. A lissafin takarda, in aka ba injinan biyu matsi iri ɗaya, tsarin Otto ne ke cin riba, ba na Diesel ba. Dalili: a Otto wutar tana kamawa kusan lokaci guda fistin yana sama, sai iskar ta samu dukan tsawon silinda tana turawa. A Diesel ana ci gaba da fesa mai fistin ya riga ya fara sauka, don haka man ƙarshe ba ya samun cikakkiyar tafiya. Dizal yana yin nasara ne don an bar shi ya matse ninki 16 zuwa 22.

Akwai kuma totur, wanda mutane ke mantawa da shi. Injin fetur dole ya riƙe iska kashi 14.7 ga kashi 1 na mai, don haka in kana son rage gudu sai farantin totur ya toshe iskar. A cunkoson Terminus na cikin Jos, fistin yana jan iska ne ta ƙofar da aka kusa rufewa, kamar mai shan kunu da tsinken da aka matse. Wannan wahalar mai take ci. Dizal iskarsa a buɗe take, man kawai ake ragewa. A nan ne yake tsere wa fetur da nisa, ba a kan babbar hanya kaɗai ba.

Mustapha Dilimi: Ranki ya daɗe Injiniya, to ina za a sa injin Prius? Fetur yake sha, amma a takarda matsinsa ninki 13 ne, kuma ba ya waccan ƙarar.

Injiniya Hauwa: Tambaya mai kyau, Mustapha. Tsarin Atkinson ke nan, sunan wani Baturen Ingila, James Atkinson. Toyota ta sa shi a Prius tun 1997. Bawul ɗin shan iska ba ya rufewa da wuri. Fistin ya fara hawa yana nan a buɗe, sai wani kaso na iskar ya koma baya. Ainihin matsin ya ragu, amma turawar wuta tana cin dukan ninki 13 ɗin. Mai kaɗan, aiki mai yawa. Kuɗin da ake biya shi ne rauni a ƙaramin juyi, shi ne injin lantarkin da ke cikin motar ke cikewa. Sababbin injinan Toyota irin wannan suna mayar da kashi 40 zuwa 41 cikin 100 na kuzarin fetur ya zama aiki, sun shiga sahun dizal. Man bai canza ba, Alhaji.

Oga Ɗanladi: Masu gyara su kula da wannan. Gejin kompireshan zai nuna ƙasa a irin wannan inji ko da lafiyarsa ƙalau. Ga kuma tsayin Jos, mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba. Injin da zai nuna bar 12 a can, a nan 10 da rabi zai nuna. A gwada silinda da silinda. In ratarsu ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, kada a sauke inji a ce ringi ne.

Alhaji Bala: Na karɓi maganar matsi da ta totur. Amma kashi 12 ɗin nan na cikin lita ban bar shi ba, don da lita muke saye, ba da kilo ba. Sannan in man ba shi da laifi, me ya sa dizal ke ƙin tashi da asuba a watan Janairu, na fetur kuwa kik ɗaya?

Oga Ɗanladi: Kashi 12 naka ne, Alhaji, ba mai ƙwace maka. Ƙin tashi kuwa shi ma matsin ne. Dizal ba shi da wata wuta sai zafin iskar da ya matse, kuma ƙarfe mai sanyi yana shanye zafin, ga iskar Jos ba kauri, ga batir ya yi sanyi kik ba ya juyawa da sauri. Shi ya sa aka sa wa kowace silinda hita, wato ɗan ƙarfen da lantarki ke zafafawa ya ɗumama cikinta. A buɗe makulli, a jira fitilarta ta mutu, sannan a yi kik. In ya tashi yana rawa da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, a cire wayar hita a auna kowace ɗaya da mita: lafiyayya om ɗaya take nunawa ko ƙasa da haka, wadda ta ƙone ba ta nuna komai. In duka suna lafiya, a duba rile da fiyus, sannan a kai nozul a gwada feshinsu. Fetur da wasu ke ɗigawa a bakin iska don ya tashi, a daina. Yana fashewa kafin fistin ya iso sama, kuma ringi da gasket ne ke ɗaukar dukan.