Dattawan da nake horarwa sun watse, ku ban shawara

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Ni ilimin motsa jiki na karanta a kwalejin ilimi, aiki bai samu ba na dawo ƙauyenmu nan wajen Gumel, to kun san yadda hawan jini da suga suka yi yawa yanzu, kawuna ma a gona ya yanke jiki ya faɗi bara sai da muka kwana 9 a asibiti, shi ne abin ya tsaya min a rai na tara dattawa su 14 muna haɗuwa filin firamare bayan asuba. Kowa ya ba da dubu ɗaya, da bakinsu suka ce ba fashi. Da hunturu ya shigo aka fara zamewa, yau mutum 3 suka zo, ɗaya ma zama ya yi yana kallo. In mun haɗu a masallaci sai "gobe in sha Allahu ɗana". Ya zan yi?

Ɗan Hadejia: Ƙanena laifinka ne wlh. Dubu ɗaya? Ka mai da shi biyar, wanda ya yi fashi ba a mayar masa. Mutumin da kuɗinsa ke ciki ko ƙanƙara ake zai fito.

Ma'aikaciyar jinya: Kuɗi ba shi ne matsalar ba. Hukumar lafiya ta duniya WHO minti 150 ta ce a sati, wato tafiya da sauri ta minti 30 sau 5 ta isa. Kar ka karɓi "gobe", kowa ya faɗi rana da wuri, misali daga la'asar zuwa bakin rafi, ka haɗa su bibbiyu, ɗaya ya dinga biyawa ya ɗauko ɗan'uwansa. Kuma masu shan maganin suga kar su fita ciki ba komai, sugan na iya faɗuwa.

Uwar gida: Ku kuna da fili ma. Mu mata fa? Likita ya ce in dinga tafiya, maigida ya ce ai daka da surfe ma motsa jiki ne, magana ta mutu.

Mai tambaya: Anti na gode amma la'asar ba za ta yiwu ba, kowa na wajen nemansa. Asuba ce daidai tunda an riga an tashi.

Ɗan Hadejia: Ka ji ko. Ni wani mai wajen motsa jiki a Kano na biya kuɗin wata 3, sati ɗaya ya rufe wajen ya kashe waya, amma kullum sai na je na duba ƙofar saboda kuɗina. Ka ƙara kuɗi kawai.

Wani dattijo: Yaro, me kake sa su yi ne a filin? Kuma ran Alhamis ai duk suna kasuwar Maigatari.

Mai tambaya: Baba tsalle ne da ɗan gudu, yadda aka koya mana. Ba wuya wlh, ni nake fara yi ma su gani.

Wani dattijo: Tsalle gaban jikokinsu masu tafiya makarantar allo? To.

Ɗan Hadejia: Dubu biyar dai.