Ku zo mu faɗi inda jimlar Turanci ta taɓa kayar da mu

Uwar ɗalibi: Assalamu alaikum. Ɗana zai zana WAEC bana, kuma wurin karanta labari a amsa tambayoyi ne ke ba shi wahala, musamman inda ake ja layi a ƙarƙashin wani yanki a ce ya faɗi sunansa na nahawu da aikinsa. Kwanan nan ma malaminsa ya soke masa jimla a insha'i, ya ce bayanin ya zauna ba a gurbinsa ba. Don Allah waɗanda suka sha wannan, ku faɗa mana yadda kuka fita.

Ɗalibin jami'a: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a aji ɗaya, a darasin Turanci na GST (darussan gama-gari na jami'a), na rubuta "Walking to the market, the rain beat me." Malamin ya tambaye ni ko ruwan sama ne ke tafiya kasuwa. Tun daga ranar, duk jimlar da na buɗe da aikatau mai -ing, sai na tabbatar wanda ke yin aikin ne ya biyo bayan waƙafi.

Malamar Turanci: Hajiya, kwantar da hankalinki. Shekara 14 ina koyarwa a sakandare, kuma na lura wani ɓangare na matsalar daga harshenmu yake, ba daga rashin ƙoƙarin yara ba. A Hausa idan kin ce "ya sayi akuya wajen wani mutum wadda ta rame", kalmar "wadda" ta riga ta nuna akuyar ake nufi, ko da ta yi nisa. Takwararta ta Turanci kuwa, "that", ba ta san namiji ko mace ba, sai ta manne wa sunan da ke kusa da ita. Shi ya sa nake sa su ɗauko bayanin su ajiye shi daf da abin da yake bayyanawa. Batun ire-iren jimla kuwa, da Hausa nake fara musu: sassauƙa ganga (wato yankin jimla mai aikatau nasa) ɗaya ce tsayayya da kanta, harɗaɗɗiya tsayayyu biyu da "and" ko "but" ya haɗa, sarƙaƙƙiya kuma tana ɗauke da ganga dogarau mai farawa da "because" ko "although". Su fara ƙirga aikatau tukuna, kada tsawon jimla ya ruɗe su.

Ma'aikacin ofis: Malama, ni "only" ce ta jawo mini. Na rubuta wa shugabanmu "I only signed the letter", ina nufin wasiƙar kaɗai na sa wa hannu, shi kuma ya ɗauka ban ma karanta ta ba. Sai da na je na yi bayani baki da baki.

Uwar ɗalibi: Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan sa shi ya ƙirga aikatau a tsofaffin takardun jarrabawa, gobe in kawo muku jimlolin da suka gagare shi.