Daga Black Flag zuwa Origins: me ya sa wuƙar ɓoye ta daina kisa?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da na'urar wasan bidiyo ta PS4, na gama Assassin's Creed Black Flag, na sa Origins, wani wasan a jerin. Sai in lallaɓo ta bayan soja in soke shi, ya juyo ya gama da ni. Faɗan ma ya ƙi hannuna. Ina kuskuren yake? Kuma wane faifai zan nema in saɗaɗawa nake so, ba dambe ba?

Amsa daga Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsarin ne ya canza. Daga wasan farko na 2007 har Black Flag na 2013, faɗan na jira ne: abokin gaba ya kawo sara, ka tare, ka kashe. A Black Flag ka danna madannin da'ira sannan na murabba'i, sai ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Masu gatari ne ba sa faɗuwa haka, sai ka fasa kariyarsu da X.

Origins na 2017 ya watsar da wannan. Takobin Bayek, jarumin wasan, sai ya taɓa jiki yake cin mutum, kuma kowane soja yana da lambar mataki a kansa. In ta ɗara taka da yawa, ko ka ga jan ƙoƙon kai, wuƙar ɓoye, wadda ke ɗaure a hannunka, rage masa jini kawai za ta yi. Bar wurin, ka yi ƙananan ayyuka ka hau mataki, ka tare ayarin sojoji masu ɗauke da ƙarfe ka ƙara wa wuƙar ƙarfi. A faɗa kuwa madannin L1 garkuwa, R1 sara mai sauri, R2 mai nauyi. Mai doguwar garkuwa sai ka riƙe R2 saran ya cika kafin ka saki.

Amsa daga Kusiri: Ƙari kan maganar yaya. Kada ka shiga sansani sai ka tashi gaggafa Senu ta yi wa kowa alama. Fara da kaskon wutar da suke kunnawa don kiran agaji, ka ɗana masa tarko. Sannan masu baka na kan katanga. Shigar dare ta fi, wasu suna barci. Yawanci abin da ke kashe mutane agajin nan ne, ba na cikin sansanin ba.

Amsa daga Ngaundere: Batun faifai, Mirage na 2023 za ka nema, yana kan PS4. Bagadaza ce a ƙarni na 9, suka ɗaya ta ishi soja. Jarumin wasan, Basim, ba ya jure duka, in huɗu suka kewaye ka jefa bam ɗin hayaƙi ka haye rufi. Saran da ya haska ruwan ɗorawa ana tare shi, ja kuwa kaucewa kawai. In an fara nemanka, yage hotunanka na bango. Odyssey kada ma ka soma: babu garkuwa, ga mayaƙan haya suna binka, lambobin nan kuma sun fi yawa.

Amsa daga Injamena: Ni ban yarda a tsallake Unity na 2014 ba, Malam. Shi ya fara kawo madannin duƙawa, kuma manyan ayyukan kisan suna da ƙofofi da dama: taga, ƙarƙashin ƙasa, cikin taron Paris. Babu kisan jere, bindiga kuma ba ta wasa. Sai dai ya fito da kurakurai da yawa, dole ka sauke gyaran da ya biyo baya, kuma yana cin data sosai. Ka sauke shi da dare, lokacin da wutar lantarki ta daidaita.

Mai tambaya: To na Ezio fa?

Amsa daga Marwa: Ezio Collection na 2016, wasa uku na jarumi Ezio a faifai ɗaya: II, Brotherhood da Revelations. Faɗansu ya fi kusa da wanda hannunka ya saba, amma babu duƙawa, ɓuyan a cikin jama'a ne da tarin ciyawa. In na hannu za ka saya, a sa maka shi a na'ura ya gama shiga gaba ɗaya kafin ka biya, ka kuma duba ko da Faransanci yake ko Turanci.